Zanen da ke bangon ɗakin yaran bayi

Taron da ya kai ni birnin Rum na masu harkar noma ne, kwana huɗu a hedkwatar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana ta magana a kan iri da taki da tsutsar da ke cin masara. Ban je da niyyar yawon buɗe ido ba. Sai dai kullum idan muka fito shan shayi a saman benen, nakan hango wani dogon fili kamar filin sukuwar da aka yi watsi da shi, ciyawarsa ta bushe, wasu na gudun motsa jiki, wasu na yawo da karnuka. A bayansa akwai wani tudu cike da kangayen jan bulo. Filin shi ne Circo Massimo, inda Rumawan dā ke tseren kekunan dawaki, tsawonsa ya kai mita 600. Tudun kuwa Falatin ne, inda fadojin Kaisarori, wato sarakunan Rum, suke.

Ranar da aka tashi taro na kira Fada. Abokina ne tun makarantar kwana, ɗan kudancin Kaduna, gadonmu ɗaya, shi a sama ni a ƙasa, kuma shi ke tashina sahur idan azumi ya zo domin barcina nauyi gare shi. Yanzu limamin coci ne, shekararsa ta uku ke nan yana ƙaro karatu a Rum. Ya same ni a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da baƙar riga da farar kwala, ya ƙara ƙiba.

"Malam, taliya ce," ya ce, tun kafin in buɗe baki. "Kada ka fara."

Na ce masa kwana biyu suka rage mini, ya nuna mini abin da idan na koma gida zan ba da labari. Na ɗauka zai ja ni Batikan. Sai ya nuna tudun nan da haɓa, ya ce, "Can za mu fara. Akwai wani zagi da nake so ka gani."

Hawan Falatin ba wuya, sai dai rana. Mun bi ta cikin kangaye, nan ɗakin cin abincin Kaisar, nan lambunsa, nan inda ruwa ke tsiri, duk yanzu sai ƙadangaru da 'yan yawon buɗe ido masu hular rana. A tsakiya akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi. Fada ya wuce gumakan marmara ko kallonsu bai yi ba, ya kai ni gaban wani guntun shafen bango da aka yanko aka kafe, faɗinsa bai wuce ɗani biyu ba.

Da farko ban ga komai ba sai karce-karce, irin wanda yara ke yi da ƙusa a bangon aji. Sai da na karkata kai, haske ya faɗo ta gefe, sannan layukan suka haɗu. Mutum ne a kan gicciye, hannuwa a miƙe, amma kansa na jaki ne, da dogayen kunnuwa. A ƙasa ta hagu ga wani yaro da gajeriyar taguwa, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar mai gaisuwa. Tsakaninsu an yi rubutu da Girkanci, haruffan sun karkace, wani babba wani ƙarami. Fada ya karanta mini: "Aleksamenos yana bauta wa allahnsa." Ya ce har kuskuren rubutu akwai a kalmar bautar.

An gano shi a 1857, a wani gini da ke gangaren tudun ta wajen filin tsere, inda ake horar da yaran bayin da za su yi hidima a fada. Masana na sa shekarunsa wajen shekara ta 200 miladiyya. Wato wani yaro bawa ne ya zauna ya yi wa ɗan'uwansa bawa ba'a. Na san irin wannan. A makarantarmu ma an yi wa wani yaro zane a bangon ban-ɗaki, har muka gama sunan bai bar shi ba.

Na tsaya shiru, domin raina ya ɓaci ta fuska biyu. Ni Musulmi ne, Annabi Isa alaihissalam ba wanda zan ji an ci zarafinsa in yi dariya ba ne. Kuma abin da aka zana, a wurina bai ma faru ba, tunda Suratun Nisa'i ta ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, kamanta musu aka yi. Fada kuwa gicciyen nan shi ne ginshiƙin imaninsa, ga ƙaraminsa a wuyansa. Mun daɗe da sanin inda muka rabu, tun muna aji uku muka gaji da musun. Amma a gaban wannan guntun bango, wanda ya yi zanen bai bar wa ɗayanmu komai ba. A idonsa ba annabi ba ne, ba Ubangiji ba ne, abin dariya ne kawai.

"Fada, me ya kawo jaki?"

Ya ce tsohon ƙage ne da aka fara yi wa Yahudawa, wai suna da siffar jaki a ɗakin ibadarsu, har babban marubucin tarihin Rumawa, Tasitus, ya maimaita shi. Da Kiristoci suka fito daga cikin Yahudawa sai suka gaji ƙagen. Amma ya ce in bar ta jaki, babban zagin shi ne itacen.

A nan na fara fahimtar abin da ya kawo ni gani. Mu yau mun saba ganin gicciye a saman coci da wuyan mutane, ya zama ado. A wurin Barume kuwa hukuncin bayi ne da 'yan fashi da 'yan tawayen ƙasashen da aka ci da yaƙi. Ɗan ƙasa mai cikakken 'yanci ba a cika yi masa ba, sai dai a fille masa kai. Sisero, babban lauyansu da ya rayu kafin haihuwar Annabi Isa, ya taɓa faɗa a gaban shari'a cewa ko sunan gicciye bai kamata ya kusanci jikin Barume ba, ko tunaninsa, ko idonsa, ko kunnensa. To ka zo ka gaya wa mai irin wannan tarbiyya cewa wanda gwamnansu ya yanke wa wannan hukunci shi ne abin bauta. Fada ya ce Manzo Bulus da kansa ya san haka, shi ya sa ya rubuta wa mutanen Korinti cewa saƙon nan abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta ce ga sauran al'ummai.

Muka fito muka tsaya a bakin tudun, filin tsere na ƙasanmu, ga ginin da na yi kwana huɗu a ciki can ƙarshensa. Fada ya nuna wajen da yatsa.

"Ka san daga kusa da inda ka sha shayinka wutar ta tashi?"

Gobarar watan Yuli na shekara ta 64 yake nufi, zamanin Kaisar Niro. Ta fara ne daga shagunan da ke wannan ƙarshen filin, iska ta kwashe ta, ta yi kwana shida tana ci, ta lafa, ta sake tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun ƙone ƙurmus, bakwai saura kufai, huɗu kaɗai suka tsira. Jita-jita ta bazu cewa Niro ne ya sa aka cinna, sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ya samu Kiristoci. Wasu aka sa musu fatun dabbobi aka sakar musu karnuka, wasu aka gicciye, wasu aka cinna musu wuta da dare suka zama fitilun lambunsa.

Tasitus ne ya rubuta wannan, wajen shekara ta 116, kuma a cikin labarin ne ya ɗan ratse ya bayyana wa masu karatunsa su wane ne waɗannan mutane. Abin da ya faɗa a kan Almasihu bai wuce layi biyu ba: sunan ya samo asali daga wani Kiristus, wanda gwamna Bilatus ya zartar wa hukuncin kisa a zamanin Kaisar Tibariyas, aka danne wannan mugun camfi na ɗan lokaci, sai ya sake ɓulla, ba a Yahudiya kaɗai ba inda cutar ta faro, har a Rum, inda duk wani abin ƙyama da abin kunya na duniya ke kwararowa ya sami masoya.

Shi ke nan. Babu haihuwa, babu mu'ujiza, babu wa'azi, babu ko kalma ɗaya daga bakinsa. Ko sunan Yesu bai ambata ba, ya ɗauki laƙabin Almasihu kamar shi ne sunan yanka. Na ce wa Fada wannan ai rubutun Razdan ne a rahoton ƙarshen shekara: an sami wani mai tada zaune tsaye a lardi kaza, Di'o ya yi maganinsa. Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, domin Yahudiya ƙaramin lardi ce, Bilatus ma ba daga manyan gidajen majalisar dattawa ya fito ba, ya riƙe wurin daga shekara ta 26 zuwa 36. Sai a 1961 aka tono wani dutse a Kaisariya da sunansa da muƙaminsa a jiki. Mutumin da ba don wannan shari'a ɗaya ba da tuni an manta da shi, yau ga shi duk Lahadi ana ambatonsa a coci-coci har da Hausa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Tasitus bai yarda Kiristocin ne suka sa wutar ba, kuma ya ce har mutane sun fara jin tausayinsu, ganin ana hallaka su don ƙeta ta mutum ɗaya. Duk da haka bai ce ba su da laifi ba. Laifinsu a wurinsa shi ne ƙin bil'adama. Na tambaya ta yaya. Fada ya ce ka duba rayuwar garin: biki da yanka ga gumaka, wasan filin tsere da sunan gumaka, rantsuwar kotu, ƙungiyar 'yan sana'a, aikin soja, komai akwai turare a ciki. Wanda ya janye daga wannan duka, maƙwabta za su ce ba ya son mutane.

Akwai kuma Suwetoniyus, wanda ya rubuta tarihin Kaisarori a kusan lokaci ɗaya. Shi ya ce Kaisar Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Rum domin suna ta hargitsi bisa zugar wani Kirestus. Kirestus suna ne da aka saba raɗa wa bayi, ma'anarsa mai amfani. Yawancin masana na ganin Almasihu ake nufi, marubucin ne ya ji sunan a karkace, har ya ɗauka mutumin yana cikin gari yana zuga jama'a wajen shekara ta 49. Idan haka ne, to ga iyakar sanin da babban magatakardan fada ya yi masa.

Muka gangaro ta tsohon dandalin gari, muka bi ta ƙarƙashin ƙofar nasarar Titus, inda aka sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar nan mai rassa bakwai da suka kwaso daga Haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Ƙishirwa ta dame ni. Fada ya kai ni wani famfon ƙarfe na bakin titi da ruwa ke zuba dare da rana, ya ce in toshe bakin da yatsa. Na toshe, sai ruwa ya yi tsiri ta wata 'yar huda a sama, ya wanke mini fuska da gaban riga. Wata tsohuwa da ke wucewa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ruwan dai sanyi ƙarara, kamar na randa.

A gindin ginshiƙin Kaisar Tarajan muka zauna. Dogon marmara ne da aka kafa a shekara ta 113, an naɗe shi da hotunan yaƙi tun daga ƙasa har sama kamar rawani. Dā gunkin Tarajan ne a ƙololuwarsa. Yanzu Bitrus ne a wurin, masuncin Galili, almajirin Almasihu, wani Fafaroma ya ɗora shi a ƙarshen ƙarni na 16. Fada ya ce in kalli sama da kyau sannan ya ba ni labarin wasiƙar.

Wajen shekara ta 112, Tarajan ya tura wani amininsa, Filini Ƙarami, ya riƙe lardin Bitiniya da Fontus, a arewacin Turkiyya ta yau. Filini mutum ne mai tsantseni, irin ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai ya tambayi na sama. Aka fara kawo masa ƙarar mutane wai Kiristoci ne. Ya rubuta wa Kaisar cewa shi bai taɓa zama a irin wannan shari'a ba, bai san ko sunan kaɗai ake hukuntawa ko laifin da ke tattare da sunan ba. Ga dai abin da ya yi kafin amsa ta zo. Yakan tambayi mutum, kai Kirista ne? Idan ya amsa, ya sake tambaya, ya sake ta uku da barazana. Wanda ya kafe, a tafi da shi a kashe, domin a cewarsa ko mene ne abin da suka yi imani da shi, taurin kai kaɗai ya isa hukunci. Wanda ya musa kuwa, sai a kawo gumaka da siffar Kaisar, ya ƙona turare, ya zuba ruwan inabi, ya zagi Almasihu, a sallame shi. An gaya masa Kirista na gaske ba ya iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai ya bincika me suke yi a ɓoye. Waɗanda suka bar addinin suka ce iyaka dai sukan taru a wata rana ƙayyadaddiya kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga wani allah, su yi rantsuwa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba karya alkawari, ba cin amanar ajiya. Daga nan su watse, su sake haɗuwa su ci abinci, abinci kuma irin na kowa. Filini bai gamsu ba, ya sa aka azabtar da wasu kuyangi biyu da ake kira masu hidima a cikinsu. Bai sami komai ba sai abin da ya kira karkataccen camfi da ya wuce kima.

Na ce, "Fada, wannan jerin ai ko a huɗubar Juma'a aka karanta shi ba wanda zai ce uffan. Mutum ya rantse ba zai ci amana ba, sai a kashe shi?"

Ya ce in ƙarasa ji. A ƙarshen wasiƙar Filini ya yi murna cewa tun da ya fara matsa musu, ɗakunan gumaka da suka kusa zama kufai sun fara cika, naman yankan gumaka da a dā ya rasa masu saye ya fara tafiya a kasuwa. Na ce to yanzu na ji magana, wato har da mahauta a cikin masu kai ƙara. Ya ce wannan ni na faɗa, ba Filini ba.

Amsar Tarajan gajera ce. Kada a bi su gida-gida ana nema. Wanda aka kawo aka tabbatar, a hukunta shi. Wanda ya musa ya yi wa gumaka addu'a, a yafe masa ko da a dā ana zarginsa. Takardar ƙarar da ba sa hannu kuwa kada a karɓa, domin ba ta dace da zamaninmu ba. Na lura a duk musayar nan babu wanda ya tambayi wane ne Almasihun, me ya koyar, daga ina ya fito. Sunansa ya zama ma'aunin biyayya kawai: za ka zage shi ko ba za ka zage shi ba. Rumawa ba su da ƙyashin alloli, sun karɓi na Masar, sun karɓi na Farisa, da an ƙara musu ɗaya ba za su damu ba. Yahudawa ma sun ɗaga musu ƙafa saboda addininsu tsoho ne, na kaka da kakanni. Abin da ba su iya haɗiyewa ba shi ne sabon abu da ba shi da asali a idonsu, ya zo kuma yana cewa duk sauran ƙarya ne.

Turaren nan ya tuna mini da karatun tafsiri. A shekara ta 250 wani Kaisar mai suna Desiyus ya ba da umarni kowa a daular ya yi yanka ga gumaka a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida, har yau akwai irin takardun da aka tono a Masar. Da Fada ya faɗi sunan, sai na ce ashe Daƙyanus ne, azzalumin sarkin da malamanmu ke ambata a ƙissar Ashabul Kahfi, samarin da suka gudu kogo da karensu. Tun ina yaro nake jin sunan cikin azumi, ban taɓa kawo wa raina cewa daga wannan gari umarnin ya fita ba.

Washegari muka hau bas zuwa tsohuwar hanyar Afiya, wadda aka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin miladiyya. A wasu wurare duwatsun asali ne har yanzu, baƙaƙe, manya kamar dutsen niƙa, sun yi santsi, ga sawun ƙafar keken shanu ya ci su. Takalmin da na sa na zuwa taro ne, ya ba ni wuya ƙwarai. Dogayen itatuwa masu kai kamar laima sun jeru dama da hagu, da kaburburan attajiran dā. Wuri ne mai daɗin iska, har sai da Fada ya ɓata mini shi. Ya ce a shekara ta 71 kafin miladiyya, da aka murƙushe tawayen bayi na Sifatakus, an gicciye fursunoni 6,000 a bakin wannan hanya, daga Kafuwa zuwa Rum, tafiyar kusan kilomita 200. Na yi lissafi a kaina, wajen kowane taku arba'in mutum ɗaya. Na fara ƙirga takuna ban sani ba. Da na kai arba'in na uku na daina.

Daga nan muka shiga kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kalistus. Matsattsun lunguna ne da aka haƙa cikin dutse mai laushi, sanyi da warin damshi, ramukan gawa a jere a bango kamar kantar shago, da yawansu ƙanana, na jarirai. A zane-zanen da ke wurin na yi ta neman gicciye da mutum a kai, ban gani ba. Abin da na gani makiyayi ne saurayi, ba gemu, ya saɓo tunkiya a kafaɗa, sai kifi da kwandon gurasa, sai Annabi Yunusa da dabbar teku. Su kansu Kiristocin farko ba su zana abin da ake yi musu gori da shi ba. Wannan ya sa zanen yaron nan na Falatin yana cikin mafi tsufan hotunan gicciyewar da aka sani, kuma maƙiyi ne ya yi shi.

A hanyar dawowa, muna cin gurasa da zaitun a kan wani dakali, na tambaye shi ko babu wani mai ilimi a cikinsu da ya zauna ya karanta Linjila kafin ya yi magana. Ya ce akwai, Selsus, wajen shekara ta 178, da Girkanci ya rubuta. Littafinsa ya ɓata, amma malamin Kirista Orijen ya yi masa raddi yana kawo maganarsa jimla-jimla, ta nan ta tsira. Selsus bai musa cewa an ga abubuwan al'ajabi ba, cewa ya yi sihiri ne da aka koyo a Masar. Ya raina almajiran, masunta da masu karɓar haraji. Ya raina mabiyan, masu saƙa da dukawa da wanki, masu ruɗar mata da yara. Ya kuma yi wa Nana Maryam ƙazafin da ba zan maimaita ba. Fada bai ƙarasa ba na karanto masa ayar da ta gabaci ta gicciye a Suratun Nisa'i, wadda ta kira wannan magana ƙiren ƙarya mai girma. Ya gyaɗa kai ya ce, "A nan dai sahunmu ɗaya, Malam."

Sai kuma Forfiri, bayan kusan shekara ɗari, wanda ya fi kowa iya sukar Kiristoci. Shi ya zo da wata magana daban, wadda malamin Kirista Agustin na Arewacin Afirka ya adana: wai an tambayi allolinsu a kan Almasihu, suka ce mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, ransa ya tafi sama kamar na sauran salihai, mabiyansa ne suka yi kuskure da suke bauta masa. Na yi gyaran murya. Fada ya ɗaga mini yatsa.

"Na san abin da za ka ce. Ka tuna dai mai bautar gumaka ne ya faɗa, kuma daga bakin gunki."

Na ce ni ban ce komai ba, zaitun ne ya shaƙe ni.

Daga jaki zuwa salihi, wajen ƙarni ɗaya ke nan. Bayan haka abubuwa suka yi sauri. Kaisar Konstantin ya ci yaƙi a gadar Milbiya a 312, shekara ta gaba aka halatta addinin, a zamaninsa aka daina hukuncin gicciye, a 380 kuma Kaisar Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula.

Da yamma ya ce saura wuri ɗaya, kuma ba nisa da masaukina. Muka hau tudun Abentin, wanda ke fuskantar Falatin, filin tsere a tsakaninsu. Akwai wani tsohon coci a can, Santa Sabina, an gina shi tsakanin 422 da 432, kuma ƙofarsa ta katako tun ta lokacin ce. An sassaƙa ta gida-gida, 18 suka rage cikin 28. Barandar da duhu-duhu, katakon ya yi baƙi. Fada ya ce in duba can sama, kusurwar hagu. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Sai da na ɗauki hoto da waya na buɗa shi da yatsu biyu sannan na gani: mutum uku a tsaye, na tsakiya ya fi sauran girma, hannuwa a buɗe kamar masu addu'a, idanu a buɗe, ƙusoshi a tafin hannu. Itacen kansa da ƙyar ake ganinsa, kamar mai sassaƙar yana jin nauyin fito da shi. Sama da shekara 200 bayan yaron Falatin, addinin ya ci gari, amma hoton an kai shi inda sai mai nema zai gani.

Na ɗauki hulata na kaɗe. Fada ya shiga ciki ya durƙusa na ɗan lokaci, ni kuma na jira shi a baranda ina kallon wasu yara 'yan makaranta da malamarsu ke ta fama su yi shiru. Ɗaya daga cikinsu ya ɓuya bayan ginshiƙi yana zana wani abu a bayan littafin ɗan'uwansa.

Da ya fito na duba agogo, la'asar ta kusa fita. Kusa da cocin akwai wani lambun lemu da ake hango gari daga cikinsa. Ya kai ni wani lungu bayan itatuwa, ya ciro wayarsa ya duba, ya juya ni kudu maso gabas, ya shimfiɗa mini jaridar da ke hammatarsa.

"Yi sauri, Malam," ya ce, ya karɓi jakata da takalmina. "Suna rufe ƙofa da faɗuwar rana."